Awon Magaji da na Ƙanensa

Shekara goma sha takwas Zinatu ta yi tana leƙa madubin awo a wani ƙaramin asibiti a Gummi, tana rubuta abin da aka koya mata: duk wanda aka ga ƙwayar atuni a bayan gidansa, mara lafiya ne. Yau ga Magaji tsaye a kanta, ƙato, lafiya lau, ɗauke da ƙwayar da ta gani a na ƙanensa Shafi'u, wanda zawon jini ya kwantar kan benci.

"Malama, abu guda kinka gani gare mu," in ji Magaji. "Ni ina noma. Nashi lalaci ne, gobe gona za shi."

Zinatu ta murza idanunta. "Sai bara aka faɗa mana a kwas cewa iri biyu ce. Kamarsu ɗaya, madubina ba ya raba su, amma ɗaya ce ke cin hanji. Fararen shanunku, duka ke tunkuyi?"

"Guda ce, ja'ira."

"To, irinta ta shiga cikin ƙanenka."

Magaji ya daɗe yana kallon Shafi'u. "Kwana nawa za shi yi kwance?"

"Goma, yana shan magani."

Ya ja tsaki, ya durƙusa ya tallabe shi. "Taso, sarkin kwanciya. Ka bar mini ciyawar gona ni kaɗai."