Kwalbar Auta a Bakin Iyaka

Ƙanwata Auta ta yi shekaru a ɗakin gwaji tana fama da wani ruwa mai kalar shayi. Furotin ne, in ji ta, a cikinsa akwai ɗan ƙulli na ƙarfe da farar wuta, kuma da iska ta taɓa shi sai ƙullin ya warware, ruwan ya koɗe. Shi ya sa take aikinsa cikin rufaffen akwatin gilashi, hannunta cikin safar roba. Ni tela ce, ban gane rabin zancen ba. Abin da na gane shi ne irin wannan ƙullin ne ya ƙi haɗuwa a jikin 'yarta, har ƙafafun yarinyar suka daina ɗaukarta.

Injin da zai auna ruwan yana ƙasar da ke gabas da mu. Ita da ƙasar da ke yamma da mu kullum rigimarsu ɗaya, wace ce babba a yankin, mu kuwa na tsakiya sai yadda aka yi da mu. Bana shugabanninmu suka bi ta yamma, ta gabas ta yi zuciya ta hana jiragenmu sauka. Dole sai mota. Na raka Auta, kwalbar ruwan a toshe cikin kular ƙanƙara a cinyarta.

A bakin iyaka jami'insu ya ce an ba su umarnin bincikar duk kayan mutanenmu. Ya tambayi abin da ke ciki. Auta da gaskiyar tsiya, ina mintsininta tana yi masa bayani dalla-dalla. Yana jin ƙarfe da farar wuta ya ja da baya, wai ai kayan albarushi ke nan. Albarushi a ruwan da bai cika cokali ba, don Allah ku ji!

Auta ta durƙusa, mai digiri uku, a gaban layin fasinjoji.

"Yallaɓai, ka mayar da mu gida, na yarda. Amma kar ka buɗe."

Roƙon ne ma ya ƙara masa zargi. Ya ɓalle murfin da ɗan makulli, ya shinshina, ya girgiza, ya ɗaga a rana, ya miƙa wa abokin aikinsa shi ma ya shinshina. Suka ce ba komai, suka buga mana hatimi, har da yi mana barka da zuwa. Wallahi ban taɓa tsanar mutum kamar yadda na tsane shi ba.

Ba mu shiga ƙasar ba. Kafin mu sami motar komawa ruwan ya yi fari kamar na famfo.

A gida mun tarar da yarinyar kan kekenta na guragu a ƙofar falo, ta sa an yi mata sabon kitso. Ta dubi kular, ta dubi uwarta.

"Mama, me injin ya ce?"

Auta ta miƙo mini kular, ta shige banɗaki ta saki famfo. Ni aka bari da amsa.