Mai Tari a Ɗakin Scholastica

Wani dare cikin daminar shekarar da aka canja launin kuɗi, Baba Nuhu yana kwance a ɗakinsa a Makera sai ya ji tari. Ba irin wanda aka saba ji a gidan haya ba ne, na yaro mai mura ko na tsoho mai shan taba. Tari ne mai kauri, mai zurfi, kamar wani ƙato ya faɗa rijiya yana gyaran murya daga can ƙasa. Baba Nuhu ya ɗaga kai daga matashi ya kasa kunne, sai ya gane daga ɗakin da ke jikin nasa ya fito, ɗakin Sunday da matarsa Scholastica. Shi kuwa Sunday tun da jiniyar masaƙa ta yi kuka ya ɗauki kwanon abincinsa ya tafi aikin dare a Kakuri.

Da kunne Baba Nuhu ya ci abinci duk ƙuruciyarsa. Aikinsa a reluwe shi ne ya bi jirgi in ya tsaya a tasha, yana ƙwanƙwasa ƙafafunsa da 'yar guduma. Ƙafa mai lafiya takan amsa da zaƙi, mai tsaga kuma a dushe. Har bayan ya yi ritaya bai rabu da wannan ɗabi'a ba. Ya san muryar kowane kwaɗo a kwatar gidan, ya kuma raɗa wa wasunsu suna. Don haka tarin nan bai ba shi tsoro ba, burge shi ya yi. Ya kwana yana auna irin ƙirjin da zai iya fitar da shi.

Da asuba ya fito kama ruwa, sai ga takalmi a bakin ƙofar Scholastica. Takalmin soja ne, baƙi, kowace ƙafa ta isa jariri ya kwanta a ciki. Kafin gari ya gama wayewa takalmin ya ɓace. Haka aka yi ta yi duk daren da Sunday ba ya gida. Wata asubar Baba Nuhu ya kasa daurewa, ya tsuguna ya juya takalmin, ya leƙa cikinsa, ya mayar da shi yadda ya same shi, ya koma ɗaki yana girgiza kai.

Ba shi kaɗai ke da kunne a gidan ba. Saratu, yayar Sunday, mai sayar da kayan miya, ɗakinta da mijinta na fuskantar nasu. Dama tun ranar da ƙanenta ya tsallake duk 'yan matan Zonkwa ya auro 'yar Binuwai da suka haɗu a ƙungiyar mawaƙan coci, Saratu take jiran abin da zai gaskata ta. Ta ji tarin, ta ga takalmin, kafin mako ya zagayo har masu jiran layin madara a kanti sun san labarin. Sunday ya tambayi matarsa. Ta ce masa, "Babu namijin da ya taɓa tsallake dokin ƙofar nan sai kai." Shi kuma ya daina cin tuwonta.

A ɗakin ƙarshe kusa da famfo akwai Malama A'isha, akawu ce a kotun yanki. Ranar Asabar take wanki, kuma ranar ce mutanen unguwa ke kawo mata tambayoyinsu, tana cuɗa tana amsawa. Baba Nuhu ba ya rasa wannan zama, don a ganinsa doka ma wani irin jirgi ne mai ƙafafu da yawa, A'isha kuwa ta san wadda za ta ƙwanƙwasa.

Wannan Asabar wani direban tifa ne ya fara. Ya tsaya wa abokinsa rance, abokin ya tsere Legas.

"Da ka sa hannu, me ka zaci kana yi?" in ji A'isha.

"Zumunci."

"To zumuncin ne zai biya. Wanda ya tsaya shi ake kamawa in mai rance ya gudu. Je ka ka lallashe su tun kafin su kai ka gaban oga."

Sai tela ya tambaya ko harajin da ake cire wa matarsa a albashin koyarwa ya ɗauke masa nasa.

"In ta ci tuwo kai kake ƙoshi?" ta ce. Aka yi dariya, tela ma ya taya su.

Nan Saratu ta ajiye tirenta ta gyara ɗaurin zani. Sunday yana bayanta, idonsa ja da rashin barci.

"Malama A'isha, macen da ta shigo da kwarto ɗakin mijinta, ɗaurin me doka ta tanadar mata?"

"Kin gan shi?"

"Na ga takalminsa, na ji tarinsa."

A'isha ta matse rigar da ke hannunta tukuna. "Alƙali ba ya ɗaure takalmi, Saratu. Gaskiya ne dokar Arewa ta san zina, amma sai an duba ko al'adar mutanen ta ɗauke ta laifin hukunci. Kuma miji ne ke kai ƙara da ƙafarsa, ba yayarsa ba. In aka je aka rasa hujja, bakin da ya yaɗa maganar shi ma doka ta san sunansa."

"Hujja ai ga ta zaune," in ji Saratu, ta nuna Baba Nuhu da leɓe. "Bango ɗaya ya raba su."

Sunday ya yi magana a karo na farko. Ya ce gobe bayan coci za a zauna a tsakar gida. In bai ji abin da zai kwantar masa da rai ba, ta koma wurin iyayenta, Litinin kuma shi da kotu.

Da aka watse A'isha ta dubi tsohon. "Baba, abin da ka ji ka faɗa, abin da ka gani ka faɗa. Abin da ka zata kuwa ka bar shi a aljihu."

Da la'asar ya sami Scholastica a bayan ɗaki tana feraye doya. Yarinya ce siririya mai ƙaramar murya, ko a coci sai an matso ake jin ta.

"'Yata, gobe za a tambaye ni," ya ce. "Zan ce na ji tari, na ga takalmi, don na ji na kuma gani. Amma zan ƙara da cewa muna tsakiyar damina, lakar Makera ba ta barin ko fasto, takalmin nan kuwa ƙasansa fes. Kuma gizo-gizo ya yi gida a ƙafar hagu, har da iyali. Sannan mutumin nan ba ya magana, ba ya dariya, bai taɓa fita bayi ba. Tarinsa kuma irin amsar da abu marar komai a ciki ke bayarwa ne."

Wuƙar ta tsaya a hannunta. Ta dube shi har ya fara jin kunya, sannan ta tashi ta ɗaga labule ta ce ya leƙa. A bayan ƙofa akwai wani tsohon tulu, babu ko ɗigon ruwa a ciki. Ta durƙusa ta sa baki a wuyansa ta ɗan gyara murya a hankali. Ƙaton nan na cikin rijiya ya amsa.

Baba Nuhu ya ji tsigar jikinsa ta tashi don daɗi. Duk shekarunsa a tasha bai taɓa jin sautin da ya kai wannan ba.

"Haka kakata ke korar ɓarayin doya a rumbu," ta ce. "Takalmin kuma a gwanjo na saya, a kasuwar Litinin. Na ce wa mai kaya ya ba ni wanda ya fi kowanne girma. Baba, tun farkon damina, in Sunday ya tafi naiti, wani yakan zo ya murɗa mini hannun ƙofa a hankali. In ya ga takalmi yakan yi shakka. In ya murɗa duk da haka, na yi masa tari, sai in ji sawunsa yana komawa."

"Me ya hana ki gaya wa mijinki?"

"Ka san Sunday. In ya ji, ba zai ƙara zuwa aikin dare ba, zai zauna da adda yana gadi. Masaƙa kuwa yanzu ko atishawa ka yi a kan shifti sunanka na cikin waɗanda za a rage. In kuma na faɗa a tsakar gida, mai murɗawar zai ji, tuluna ya mutu ke nan. Don Allah, Baba, ka rufe mini."

Ya ce ba zai ambaci tulu ba, amma ba zai yi ƙarya ba. Ya koma ɗaki yana mamakin yadda wannan 'yar mitsitsiya ta ɗauki makonni tana gadin kanta da gadin aikin mijinta da tukunyar ƙasa, ana zaginta a famfo tana shiru.

Washegari bayan coci aka fito da bencina. Duk 'yan haya sun hallara, maza a gefe guda, mata a gefe guda, A'isha a bakin ƙofarta. Baba Nuhu ya faɗi abin da ya ji da abin da ya gani, har da laka da gizo-gizo.

"To, yau gizo-gizo ya zama shaida," in ji Saratu. "Baba, tsufa ne ko son kai? Kwarto ba ya iya goge takalminsa?"

Wasu suka yi dariya. Sunday bai yi ba. Ya dubi matarsa ya ce, "Na tambaye ki a ɗaki, yanzu ina tambayarki a gaban mutane. Takalmin wa ne?"

Ta sunkuyar da kai.

"Shi ke nan. Shiga ki haɗa kayanki."

Ta tashi ta shiga, labule ya rufe. Baba Nuhu ya so ya faɗi maganar tulu, ya fasa, don ya yi alkawari.

Sai aka ji tarin. Da rana tsaka, mai kauri, daga cikin ɗakin.

Tela ya zame daga benci. Sunday ya zabura ya fizgi taɓarya ya yaye labule da ƙarfi har sandarsa ta faɗo. Duk wanda ke wurin ya ga abin da ya gani: Scholastica a durƙushe, bakinta a wuyan tulu. Ta ƙara yi sau ɗaya don kada wani ya ce bai ji da kyau ba. Sannan ta jawo takalmin daga ƙarƙashin buhun doya, ta fito ta ajiye shi a gaban Saratu.

"Yaya, ga kwarton. Ga kuma ƙirjinsa can a bayan ƙofa."

Ta faɗi sauran a tsaye, da ƙaramar muryarta, yadda ta gaya wa Baba Nuhu. Ba ta ƙara komai ba, ba ta kuma zagi kowa ba. Sunday ya ajiye taɓaryar. Ya zura ƙafarsa cikin takalmin, ta nutse har da sauran fili, gizo-gizon ya fito a guje ya haye bango. Ya zauna a dandaryar ƙasa da takalmi ƙafa ɗaya, ya rufe fuska da hannu.

"Sikola, da kin faɗa mini."

"Da ka bar aiki."

Can ya ce a hankali, yunwa yake ji. Ta ce akwai sakwara tun safe a rufe.

Matar tela ta ce daga yau duk daren da Sunday ke naiti, ita za ta kawo tabarmarta ɗakin, tun da dai tulu ya riga ya tonu. A'isha ta ce a sa ta a layi ita ma. Baba Nuhu kuwa ya roƙi arziki a ba shi aron tulun wata rana, yana so ya ji yadda waƙar coci za ta fito a cikinsa.

Saratu kuwa tana nan inda take. Tana zaune tana duban takalmin da ya rage a gabanta. Sannan ta ɗaga kai ta dubi ƙofar gidan, babbar ƙofar ƙarfe mai sakata, ta kuma dubi bangon da aka jera wa fasassun kwalabe a kai. Ta juyo ta bi bencin maza da ido ɗaya bayan ɗaya, har da nata mijin.

"Ni dai a gafarce ni, ina da tambaya," ta ce. "Ƙofar gidan nan daga ciki ake kulle ta kowane dare. To wane ne ke zuwa yana murɗa mata ƙofa?"