Kurungun Baba Abarshi

"Ajiye ragar nan, Munzali," in ji Baba Abarshi daga kan gado. "Ƙayar kurungu maƙalewa take yi a raga. Bari Philemon ya ɗebo shi da kwano."

Munzali ya ajiye ragar, ya ja da baya har bakin ƙofa. Yana kallo Philemon ya naɗe hannun riga, ya zura kwano cikin akwatin gilashin da Baba ke kiwon kifi, ya jira har tsohon kurungun ya shiga da kansa. Gashin bakin kifin guda ya gutsure, fatar gefensa ta saɓule ta yi fari, jelarsa kuma ta yage.

"Ya sha cizo," in ji Philemon.

Munzali ya san wanda ya yi cizon, ya kuma san wanda ya kawo shi.

Baba Abarshi tsohon ma'aikacin gandun daji ne. Tun da dajin Birnin Gwari ya daina shiguwa, ƙafafunsa kuma suka kumbura, sai ya koma ga wannan akwati: yashin rafi, 'yan duwatsu, ƙananan karfasa, da fasasshiyar tukunya guda inda tsohon kurungun ke ɓuya. Munzali tela ne, katanga ɗaya ce tsakaninsu. Shi ke jawo ruwan rijiya ya bar shi ya kwana kafin a zuba wa kifin, shi ke kai Baba masallacin Juma'a a kan babur, shi ke zama a kujerar katakon da ke gefen gado. Sai ga Philemon, wanda rashin tsaro ya taso da iyalinsa daga wani ƙauye wajen Damari, ya kama haya a gidan da ke kallonsu. A da masunci ne. Ranar da ya leƙo gaisuwa ya ga kifin, suka yi ta hira da Baba har la'asar, daga wannan rafi zuwa wancan gulbi. Tun daga nan kujerar ta zama ta wanda ya riga zuwa, Philemon kuwa ba shi da shagon da zai tsare.

Abin da ya kai Munzali wurin masu kifi ke nan. Ya samo ƙaton kurungu mai rai, mai ɗigo-ɗigo a jiki, ya sake shi cikin akwatin lokacin da Baba ke barcin rana, don ya farka ya tambayi wanda ya kawo. Baba ya farka, ya daɗe yana kallo, ya yi godiya. Kafin gari ya waye sabon ya kori tsohon daga tukunya.

Philemon ya juye majinyacin cikin baho mai ruwa mai tsabta, ya ɗebi gishiri da bakin yatsunsa.

"Kaɗan fa," in ji Baba. "Ba shi da ɓawo a jiki kamar karfasa. Gishiri na ƙona shi."

"Na sani, Baba."

"A buɗe kafso a barbaɗa masa a ciwon," in ji Munzali daga ƙofa.

"Haba, Malam Munzali, ai ba ɗan akuya ba ne."

Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da 'yarsa Bushira ta shigo da ruwa. Munzali ma ya yi murmushi, amma kunnuwansa sun yi zafi.

Da tarin ya lafa, Baba ya shiga jera wa Philemon aiki: a rufe bahon da faifai, kurungu ba ya son haske, safe da yamma a rage ruwan a ƙara sabo, kada a ba shi abinci sai ya fara yawo, in farin ya fara tashi kamar auduga, a zo a faɗa masa.

"Ni kuma fa, Baba?"

"Kai ka samo mini wata tukunyar ƙasa. Ka fasa mata ƙofa a gefe, ka goge bakin da dutse kada ya yanke su."

"Ai sai a fitar da sabon kawai a huta."

"Shi ya kawo kansa? Ba mugu ba ne, Munzali. Wurin ɓuya ya nema, ya tarar da guda."

Munzali ya fita yana juya maganar. An ba wani majinyaci, shi an tura shi juji neman tukunya. Bai nema ba. Ya zauna a shago yana taka keke, in ya tsaya sai ya ji muryar Philemon ta katanga, da 'yar dariyar Baba da ta soma siririta. Bushira ta leƙo sau da dama.

"Yaya Munzali, Baba na tambayar tukunya."

"Ki ce masa ɗinki ya yi mini yawa. Ai yana da likita."

Ran Alhamis da hantsi Philemon ya faɗo shagon ba takalmi.

"Malam Munzali, taso. Numfashinsa ya canza. Zo ka karanta masa kalmar nan taku, ni ban iya ba."

Kujerar babu kowa a kai. Munzali ya zauna, ya sunkuya wajen kunnen Baba, ya shiga maimaita kalmar shahada a hankali. Laɓɓan tsohon suka motsa suka bi shi. Ko a wannan hali sai da wani abu a ransa ya ce, wannan dai nawa ne. Da ya ɗaga kai, ya ga Philemon durƙushe a ɗaya gefen, hannun Baba cikin nasa. Haka Baba ya cika, ɗan injin iskar akwatin na ta fitar da kumfa a gefen ɗaki.

Munzali na cikin waɗanda suka yi masa wanka, yana sahun gaba wajen salla. A maƙabarta ya tarar da Philemon ya riga su, jar ƙasa har gwiwa, yana miƙa wa wani shebur. Munzali ya kau da kai.

Bayan an share makoki, Bushira ta same shi a shago.

"Baba ya ce akwatin naka ne, don kai ka san ruwansa. Amma ya ce kada a mayar da tsohon sai an sa tukunya ta biyu. Har ranar Laraba yana tambaya ko ka kawo."

Munzali ya tashi ya shiga gida, ya ɗauko tukunyar da matarsa ke jiƙa tsamiya a ciki, lafiyayya, ba ko tsaga. Ya zauna a tsakar gida ya fasa mata ƙofa da bayan almakashi, ya yi ta goga bakin a kan dutse, yana shafawa da yatsa, har ya daina kartarsa.

Shi da Philemon suka ɗauko akwatin zuwa zauren Munzali, aka sa sabuwar tukunyar a ciki. Da la'asar Philemon ya zo da bahon. Fatar tsohon kurungun ta haɗe, sai ɗan tabo, gashin bakin ya soma tohowa. Munzali ya miƙa hannu ya karɓi kwanon, ya zura, kifin ya kauce masa. Ya sake zurawa, ya sake kaucewa.

"Bar hannun a wuri ɗaya," in ji Philemon. "Zai zo."

Sai da hannunsa ya yi sanyi kafin kifin ya zo.

Tsohon kurungun ya sauka kan yashi, ya zagaya tsohuwar tukunyarsa, inda jelar sabon ke leƙowa. Ya daɗe a bakinta. Daga nan ya juya ya shige ɗayar.

Kujera ɗaya ce a zauren, Munzali kuwa ya riga ya zauna. Philemon ya tsugunna kusa da gilashin. Can Munzali ya sa ƙafa ya tura masa buhun ƙyallaye, bai dube shi ba. A cikin ruwan, gashin baki guda dogo da guda guntu suka leƙo daga sabuwar ƙofa, suna motsi a hankali.