Kakin Zuma a Kan Wayar Alhaji

Kakin ya fara sheƙi, ya yi laushi, sannan ya ɗigo mini a bayan hannu. Da ɗumi. Hantsi ne, kuma inda na manna shi inuwar tsamiya ce, balle a ce rana ta narka shi. Na jingine busasshiyar gorar da na liƙa shi da ita, na tsaya ina duban wayar da ta ratsa ta kan jinkar rumbuna. Dami sittin na gero ne a ciki, abincinmu har wata kaka.

Ni Mode baduku ne a Wurno, ban yi boko ba. Amma shekara uku na yi a Bama, lokacin yaƙin duniya na biyu, ina dakon naɗin waya bayan masu tangaraho. Na san wannan wayar kamar yadda na san basillata: baƙa, siririya, tufka biyu. Magana aka yi ta ta ɗauka, ba wuta ba.

Shekara biyu kafin Turawa su sauka daga mulki, Alhaji Ƙasimu, mai sayen fata da albasa, ya kawo injin lantarki, na farko a unguwarmu. Injin yana gidansa, shagonsa na teloli yana bakin hanya, gidana a tsakani. Makanikin da ya kafa injin ya ce a sayo waya mai kauri, mai riga biyu, ya koma Sakkwato. Alhaji ya aiki surukinsa Lawwali. Lawwali ya dawo da naɗin wayar gwanjon soja mai arha, a kan sabon keke.

Tun ranar nake kallon keken nan.

* * *

Na tarar da Alhaji a zaure da mutanensa, na durƙusa na gaisa.

"Alhaji, Allah shi ƙara girma. Wayag ga zafi takai. Igiyar akuya anka ɗaure raƙumi da ita."

Lawwali ya yi dariya. "Baba Soja, an gama yaƙi hwa. Mi ka sani ga lantarki? Koma ga takalmanka."

"Na san abin da kas sawo. Kai ma ka sani."

Ya daina dariya. Ya matsa kusa da Alhaji, ya sassauta murya, amma yadda kowa zai ji. "Ni dai ban so hwaɗi ba. Da sahe an gane shi da gora yana liƙa wani abu ga wayar."

Alhaji ya ajiye goron da ke hannunsa. "Mode, mi kal liƙa?"

"Kakin zuma, wanda nika murza zare da shi. In ga ko shi narke."

"Kaki da mi ciki?"

"Kaki da kaki, Alhaji."

Babu wanda ya dube ni. Na ce a ba ni gora in gwada a gabansu, Alhaji ya ɗaga hannu. "Kada ka sake kusantar ta. Allah ya ba ni, ba kai ba."

Washegari aka ɗaura wa wayar laya, daidai saitin rumbuna.

* * *

Aiki ya ɗauke. Wanda ya ba ni linzami gyara ya aiko aka karɓe, ko ɗinkewa ban yi ba. A masallaci na kusa da ni ya riƙa barin tazara.

Matata Sabuwa ta ce, "Malam, mu kwashe hatsin nan."

Na kwashe dami goma zuwa ɗakinta. Kafin la'asar magana ta kai bakin rijiya: Mode yana kwashe kayansa, ashe ya san ranar da abinsa zai tashi. Da na ji, na mai da damin da ke kaina cikin rumbu na rufe. Na ce ba zan ba su hujja ba. Sabuwa ta dube ni ta ce, "Hujja za mu daka mu ci?" Na juya na fita. Taurin kaina ne, ban ɗora wa kowa ba.

Jajibirin Sallah teloli suka jona dutsen guga biyu a lantarki tun safe. Ana kiran azahar na ji warin roba. Na fito na ga wayar tana zubo da baƙin hawaye, kowane ɗigo da harshen wuta, a kan jinka. Mata suka taso da tuluna, na tare su ina ihu a kashe injin tukuna, kada wani ya mutu. Mai makullin ɗakin injin yana masallaci. Kafin a nemo shi gero ya gama fashewa kamar gugguru.

A gaban mai unguwa aka ce ƙaddara ce. A bayan idona aka ce asirina ne ya koma kaina, kuma ai kowa ya ga na hana a zuba ruwa. Lawwali ya zo jaje a kan kekensa.

* * *

Bayan Sallah aka ja sabuwar waya daga ragowar naɗin nan. Alhaji ya ce kada a bi ta gidan mai hassada, sai aka karkata da ita ta kan bukkar Inna Habi, tsohuwar da ke riƙon jikoki uku. Laya biyu aka ɗaura mata wannan karon.

Ranar kasuwa ina wucewa, Inna Habi ta kira ni daga bakin danga. Ta waiga hagu da dama kafin ta yi magana.

"Mode, ɗana, gaya min tsakaninka da Allah. Wai gaskiya na tana zahi?"

Hannuna yana cikin aljihu, a kan guntun kaki. A ƙofar shago teloli biyu sun tsai da keken ɗinkinsu suna kallonmu.

Na ce, "Ni baduku na, Inna."

Na wuce. Sai da na kai kasuwa na fitar da hannuna, kakin ya narke ya manne mini a yatsu.