Bangon Soso

Inna ta ɗaga sandarta ta zunguri bangon. Kan sandar ya lotsa ciki, ya bar ɗan gurbi kamar inda aka danna yatsa a jiƙaƙƙen sabulu. Ta sake zungura, ta kai hanci ta shinshina, sannan ta waiwayo ta dubi surukarta.

"Malama, ke da kika yi boko, gaya min gaskiya. Wannan ba shi ne farin soson da aka naɗo firjinku da shi a kwali ba?"

"Danginsa ne, Inna."

"To ni firji ce?"

Malama ta ƙunshe dariyarta da gefen mayafi. Yau ne Inna ta fara yarda ta zo ganin ginin, kuma yau ɗin ce ranar zuba kankare. Tun da aka ɗora bulon farko take jin labari a bakin ɗanta Dogo, mijin Malama: wai bulo ne na soso mai rami a tsakiya, a jera su suna shiga juna kamar kayan wasan yara, a zura rodi a ramin, sannan a cika shi da kankare. Inna ta ce sai ta gani da idonta, don ɗan nan tun yana ƙarami ake yi masa wayo a kasuwa.

Ga shi kuwa ta gani. Gida ya tashi fari fat, ba rufi, an tokare kowane bango da ƙarafa, leburori na zirga-zirga a kan katakon da aka shimfiɗa ta sama. Ɓurɓushin soso ya watsu a daɓe yana manne wa kowa a ƙafar wando. Malama ce ta fara ganin irin wannan gini a waya ta kai wa mijinta, amma har yau ba ta gaji da leƙa shi ba. Kimiyya take koyarwa, kuma tana da ciwon nan na son ganin cikin kowane abu.

Maginin, wani gajere mai faɗin kafaɗa wanda bakinsa ba ya hutawa, ya hango sabuwar mai sauraro, sai ya sauko daga tsani da guntun bulo a hannu ɗaya ya miƙa wa Inna. Ta karɓa da hannu biyu tana shirin jin nauyi, abin ya kusa tashi sama da ita.

"Ɓera fa?" ta tambaya.

"Za a shafe shi da filasta ciki da waje, Baba. Sai dai ɓeran ya zo da guduma."

"Iska ba za ta kwashe mu ba?"

"Ki bari a zuba tukuna. Ƙarfin yana ciki, soson riga ce kawai. Rana ba ta ratsa shi, sanyi ba ya ratsa shi, kamar dai fulas ɗin ruwan zafi."

"Na ce firji, kai ka ce fulas. Duk dai kayan kicin kuka mai da ni."

Haka suka bi ɗaki-ɗaki, Inna na tambaya, magini na zuba, Dogo na biye da su waya a kunne yana rigima da direban motar kankare. Malama ta lura tsohuwar ta daina zungurin raini, ta koma shafa bangon da tafin hannu. Daɗi ya kama ta, don da ma abin da take fata ke nan. Suka shiga ɗakin da aka ware wa Inna, mai taga ta gabas da banɗaki a ciki.

"Sannan ga shiru," in ji magini, yana dafa bangon da ya raba ɗakin da na masu gida. "Yawanci na tsakiya da siririn bulo muke yi. Malama ce ta ce a'a, wannan ma a yi shi da soso. In aka zuba, Baba, ko ganga kika buga a nan, na can ba zai ko juya ba."

Malama ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Inna ba ta dube ta ba. Ta ɗaga sandar a hankali ta ƙwanƙwasa bangon, irin ƙwanƙwasar da take yi a gida. Bangon ya ce buf, ya haɗiye. Ta ɗan jira kamar mai sauraron amsa, sannan ta sauke sandar.

A gidan hayar da suke zaune, bangon da ke tsakanin ɗakunan nan biyu bai fi kwali ba. Tari ake ji, jan kujera ake ji, har Malama ta saba yi wa mijinta faɗa da raɗa, ga shi kuwa faɗan raɗa ba ya sauke haushi. Kullum da asuba Inna na ƙwanƙwasawa da sanda, ba don tana son komai ba, sai don a san ta tashi, Malama kuma ta amsa mata da bugun bayan hannu ko ido ba ta buɗe ba. Daminar da ta wuce jiri ya kayar da Inna a ƙofar banɗaki da tsakar rana, Dogo yana wurin aiki, wuta kuma an ɗauke. Daga kwance ta miƙa sanda ta yi ta bugun gindin bango, Malama ta ji ta fito a guje. Ita Malama duk ta san wannan. Sai dai ranar da take roƙon magini ya kaurara bangon, raɗar kawai ta tuna.

"Ya yi kyau," Inna ta ce. "Ɗan nan, kai ni inuwa, ƙafata ta gaji."

Suka fita suka bar Malama tsaye a tsakar ɗaki. Ta fara kare kanta a zuci, da hujjoji masu kyau kuwa. Laifi ne mace ta so ta yi dariya da ƙarfi a ɗakinta? Laifi ne ta so yin barcin rana ba tare da rediyon suruka a kunnenta ba? Hujjojin duk sun tsaya da ƙafarsu, amma ba wadda ta sanyaya mata rai.

Idonta ya faɗa kan wani guntun bututu da aka soke a bangon waje, ƙasa da taga. Ta san amfaninsa: duk abin da zai ratsa irin wannan bango, ruwa ne ko wayar wuta, sai an bar masa hanya tun soso yana fanko, don in kankare ya daskare magana ta ƙare. Ko cikin damuwa halinta bai bar ta ba. Ta tsuguna ta kafa ido don ta ga me ake hangowa ta ciki. Ta hango gefen zanen Inna, sai kuma muryar tsohuwar ta biyo bututun tar, duk da rurin janareta, kamar a kafaɗarta ake magana.

"Ƙanwarka ta daɗe tana min magiya in koma wurinta. In kun tare, ni can zan wuce."

"Haba Inna! Saboda bango? Ƙararrawa zan sa miki, ki danna kawai."

"Ranar da na faɗi akwai wuta?"

"To ga waya."

"Wayar da kullum sai an kira ta ake gano inda na jefar?" Inna ta yi tsaki. "Kuma kar ka kuskura ka yi wa yarinyar nan magana. Ni ma na zauna da uwar miji, na san yadda numfashi ke yi wa mutum nauyi. Gidanta ne, ta sha wahalarsa, a bar ta ta sake. Ni dai ba na son in kira a ƙi ji na, ko da ba da gangan ba ne. Tsoro nake ji, ka ji gaskiyar."

Malama ta janye kunnenta. Da Inna zaginta ta yi, da ta san abin da za ta yi da zagin. Ta kwatanta asubar farko a sabon gida, ga sanyi, ga shiru, ba ƙwanƙwasa. Ashe ita ma da wannan bugun take sanin gari ya waye lafiya.

Odar mota ta katse ta. Motar kankare ta shigo da baya tana juya tulunta, aka ɗaga wani ƙaton tiyo sama, magini ya hau katako yana ba da umarni. Suka fara daga kusurwar kicin. Ba a cika irin wannan bango a tashi ɗaya, kar nauyi ya fasa soson. Zagayawa ake yi ana zuba kaɗan-kaɗan, zagayen farko ya kai kamar ƙugu. Malama ta bi tiyon da ido, ta ga falo kawai ya rage tsakaninsa da ɗakin Inna.

Ta tattare mayafi ta nufi inda suke. "Malam magini! Akwai sauran bututu?"

"Na me?" ya yi ihu daga sama.

"Na bangon tsakiya. Rami nake so."

"Yanzu? Malama, kankare ba ya jiran kowa! Ba ke kika ce a toshe ko'ina ba?"

"Ni na ce, ni kuma na fasa. Ka rage gudu a falo."

Ya ɗaga hannu sama yana kiran sunan Allah, amma ya nuna mata tarin tarkace da haɓa. Ta zaro guntun bututu mai faɗin bakin kofi, ta suri ƙaramin zarton da suke yanka soso da shi, ta koma ɗakin ta durƙusa. Ta dafa bututun a bango ta zagaye bakinsa da farce, tana shirin yanka sai ta ji sanda a bayanta.

"Me kike ɓarnatarwa?"

"Hanya nake bar wa magana, Inna. Ta bututun can na ji ku, ban yi niyya ba."

Inna ta dubi bututun taga, ta dubi ɗanta da ya biyo ta baki buɗe. Malama ta jira faɗa. Sai tsohuwar ta matso, ta ranƙwafa, son sani ya rinjayi fushi.

"Ta wannan ɗan abin? Har da tsakin?"

"Har da shi."

"Ikon Allah." Ta buga sandar can ƙasa kusa da daɓe. "To ba nan ba. Sauko da shi. Wanda ya faɗi ba a tsaye yake kira ba."

Malama ta sauko da shi. Zarton ya shiga soso kamar burodi, ya ci karo da rodi, ta ɗan gusa gefe ta sake. Wani farin dunƙule ya faɗo a hannunta. Dogo ya zagaya ɗaya ɗakin da gudu ya yanka nasa gefen, tana yi masa kwatance ta ramin. Suka tura bututun ya ratsa, magini ya diro ya feshe gefensa da kumfar liƙi yana mita, ya kafa masa katako, ya koma sama. Ba a jima ba tiyon ya iso kansu. Malama ta dafa bangon da tafin hannu, ta ji kankare na gangarowa ciki da nauyi, soson yana ɗan kumbura yana ɗaukar sanyi. Bututun bai motsa ba.

Da tiyon ya wuce, ta ga Inna ta tsince dunƙulen soson nan biyu da aka yanko, na gefenta da na gefensu, tana juya su a hannu. Ta gwada ɗaya a bakin bututun, ta ɗan murza, ya zauna daram. Ta zare shi ta ƙulle a gefen zanenta, ta miƙa wa Malama ɗayan.

"Ungo naki. Ni ma shekara da shekaru ina cusa auduga a kunne saboda ku. Raɗar nan taku ta fi ihu shiga kai."

Dogo ya tuna yana da magana da direba, ya fice. Malama ta riƙe dunƙulen, kunya da dariya suna kokawa a fuskarta.

"To Inna, in aka yi rashin sa'a duk muka toshe rana ɗaya fa?"

Inna ta gyara riƙon sandarta ta nufi ƙofa, ɓurɓushin soso manne a zanenta.

"Sai ki taso ki zagayo ki duba ni. Ƙafarki ƙalau take."