Bitar da Ta Cinye Teburin Goggo

Shekara goma sha tara Goggo ta yi tana ba ɗalibai shawara a tsangayar kimiyya, a wani ofis da in mutum biyu suka zauna sai na uku ya tsaya a bakin ƙofa. Kowa Goggo yake ce mata, har malaman da suka girme ta. Ta san wane kwas ne ke kayar da yara, ta san wane malami ne ba ya sa hannu sai an kama shi a matakala, ta kuma san dokokin jami'ar da waɗanda suka rubuta su ma sun manta da su.

Ana saura kwana uku a rufe rajistar kwasa-kwasai sai ga takarda daga Darakta: duk masu ba da shawara su halarci bitar kwana uku a kan kusantar ɗalibi, wanda bai samu takardar shaida ba kada ya sa ran ƙarin girma. Goggo ta je ta tuna wa Darakta cewa makon nan ne yara suka fi bukatarsu. Ya ce ai Ƙwararren da aka gayyato ba shi da wani lokaci sai wannan, kuma ɗalibi ba ya guduwa.

Aka yi bitar a ɗakin taro na saman bene, mai sanyi da labule. Ta tagar da ke kusa da kujerarta Goggo tana hango ƙofar ofishinta a kulle, yara sun yi layi har gindin famfo, kowa ya ɗora fom a ka saboda rana.

Ƙwararre ya iso da kwat mai ƙyalli da ɗan abin latsa majigi a hannu. Ya ce ya zaga ƙasashe bakwai yana koyar da wannan ilimi, amma bai faɗi jami'ar da ya taɓa zama da ɗalibi ba, babu kuma wanda ya tambaya. Ya fara da wasan ƙwallo: wanda aka jefa wa ya faɗi dabbar da ta yi kama da shi a wurin aiki. Darakta ya ce zaki. Abokin aikin Goggo, wanda ake kira Sarkin Bita saboda bangon ofishinsa ya cika da takardun shaida har babu wurin rataya kalanda, ya ce gaggafa, mai hangen nesa. Da ƙwallon ya zo hannun Goggo ta ce jaki, ta miƙa wa na gaba. Ƙwararre ya tafa mata, ya ce wannan shi ne tawali'u.

Sauran yinin a koyon gyaɗa kai ya ƙare. Wai in ɗalibi yana magana ka ɗan sunkuyo, ka dube shi cikin ido, ka gyaɗa kai a hankali, sannan ka ce masa, "Na ji ka, kuma na fahimci halin da kake ciki." Manya masu furfura talatin suka zauna bibbiyu suna gyaɗa wa juna kai kamar ƙadangaru a kan katanga. Sarkin Bita ya fi kowa iyawa, don shi gyangyaɗi yake yi da gaske.

Da ta koma gida ta ba maigidanta labari. Shi kafinta ne, ya ce shi kam da gyaɗa kai yana haɗa kujera da tuni ya sayar da zarto.

Washegari a matakala wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe ta tare ta, idanu sun yi ja. Goggo ta saurare ta a tsaye, ta karɓi lambarta, ta ce ta dawo gobe da sassafe. Tana shiga ɗakin taro ta tarar an zo wurin gwaji: Ƙwararre zai zauna a matsayin mai ba da shawara, yana neman wanda zai fito a matsayin ɗalibi. Darakta ya nuna Goggo, wai a ga yadda tsohon hannu zai amfana da sabon salo. Inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa, in ji ta a ranta, ta ja kujera ta zauna.

Ba ta ƙirƙiri komai ba, matsalar yarinyar matakala ta zayyana masa. Yarinyar ta faɗi jarrabawar wani kwas a shekara ta biyu. Kafin ta maimaita aka soke kwas ɗin, aka raba shi gida biyu. Rabin farko ya faɗo a sa'a ɗaya da wani kwas na dole, rabi na biyu kuma kwamfuta ta ƙi karɓa, wai ta cika adadin da aka yarda ɗalibi ya ɗauka. Gobe da tsakar rana za a rufe rajista, in ba a warware ba sai ta ƙara shekara guda.

Ƙwararre ya sunkuyo, ya gyaɗa kai, ya ce ya ji ta, kuma ya fahimci halin da take ciki.

"To, Malam, ya zan yi?"

Ya tambaye ta yadda abin ya taɓa zuciyarta. Ta ce ya taɓa sosai, ta sake tambayar ya za ta yi. Ya ce ta rufe ido ta hango kanta nan da shekara biyar. Ta ce ta hango, tana nan a ajin ƙarshe. Nan gumi ya fara tsattsafo masa duk da sanyin ɗakin. Ya gyara wuyan kwat, ya ce irin waɗannan ƙananan bayanai akan tura ɗalibi ne ofishin da abin ya shafa.

"Wane ofis ke nan, Malam?"

"Ofishin mai ba ki shawara mana."

"Na je. A kulle yake. An ce sun tafi bita."

Dariyar da aka yi har ta tashi Sarkin Bita daga barci. Darakta bai yi ba. Ya dubi agogo ya ce a tafi shan shayi.

Rana ta uku Goggo ba ta hau bene ba. Ta buɗe ofishinta tun ƙarfe bakwai, ta zaro wata tsohuwar doka da ta yarda ɗan ajin ƙarshe ya maye kwas ɗin da aka soke da makamancinsa in shugaban sashe ya sa hannu. Ta kama shugaban sashe yana fitowa daga mota, ya sa hannu a kan bonet. Ta kai wa jami'in jarrabawa, ta tsaya a kansa har ya shigar. Sannan ta zauna ta sallami layin nan ɗaya bayan ɗaya, har da ɗaliban Sarkin Bita, waɗanda suka ga ƙofa a buɗe suka biyo sahu.

Sai bayan an rufe rajista ta hau sama. Ta iske ana rabon takardun shaida ana ɗaukar hoto. Aka tsallake sunanta, don ba ta cika sa'o'in ba. Sarkin Bita ne ya zama gwarzon bita, shi ya yi jawabin godiya, ya ce kwana ukun nan sun sauya masa rayuwa.

Bayan mako biyu takardu biyu suka fito rana ɗaya. Ta farko ta naɗa Sarkin Bita shugaban masu ba da shawara. Ta biyu tana neman Goggo ta yi bayani a rubuce kan dalilin barin wurin horo ba izini. An haɗa da rahoton Ƙwararre, inda ya ce bita ta yi nasara matuƙa, sai dai an samu mutum ɗaya mai ƙin sauyi. Goggo ta amsa da layi ɗaya: ta tafi aiki ne. Aka sa a fayil ɗinta. Yarinyar kuwa ta gama a lokacinta, ba ta dawo godiya ba, Goggo ma ba ta zauna jira ba.

Rahoton ya zo da shawara guda da sabon shugaba ya ga zai iya aiwatarwa ba tare da ya fahimci komai ba: wai tebur katanga ne tsakanin mai ba da shawara da ɗalibi, a fitar da shi. Ma'aikata suka zo ofishin Goggo da safe. Teburin ya ƙi fita ta ƙofa, sai da suka cire masa ƙafa biyu. Fayilolin yara ɗari huɗu suka koma ƙasa, jingine da bango. Daga baya ta ga teburin a barandar Darakta, an mayar masa da ƙafafunsa, an ɗora masa butar shayi da kofuna.

Ta kwana biyu tana sa hannu a kan gwiwarta, sa hannun yana fitowa kamar na mai zazzaɓi, har jami'in jarrabawa ya dawo da fom uku wai ba nata ba ne. Da ta gaya wa maigidanta sai ya ɗauko kayan aikinsa. Ya auna cinyarta da igiyar awo, ya yanko katako, ya goge shi sumul, ya yi masa ɗan baki don kada biro ya gangaro. Da zai ba ta ya ce ta dai riƙa ɓoye shi bayan ƙofa, kada wani mai ilimi ya gani.