Makonni Huɗun da Ba Mu Ƙirga Ba

Shekara talatin da ɗaya ina karɓar haihuwa a ƙauyenmu da ke saman garin Totonicapán, amma ranar da na raka jikata Candelaria asibiti, wata likita da ba ta kai 'yar autata a shekaru ba ta mai da ni kamar ban taɓa ganin ciki ba.

Cikin wata biyar ne, hoto kuma ya nuna ƙashin bayan jaririn bai rufe ba daga ƙasa. Surukarta, Doña Petrona, tun a mota ta yanke hukunci: yarinyar ta fita ranar kusufin wata babu jan zare a ƙugu, shi ne wata ya ciji ɗan. Na san gidan nan. In laifin ya zauna a kan Candelaria, da shi za ta tsufa. Shi ya sa na tambayi likitar, a gaban Petrona, yaushe abin ya faru.

Sai ta ce in ba ta wainar masara ɗaya, irin tamu mai faɗi marar kauri, daga ƙunshina. Na ɗauka yunwa take ji. Ta shimfiɗa ta a tafin hannu, ta ce haka ƙwaƙwalwa da lakar baya suke farawa, shimfiɗe. Ta naɗo gefe biyu suka haɗu kamar bututu, ta matse daga tsakiya zuwa baki, ta bar ƙarshen a buɗe. Wai duk wannan cikin kwana ashirin da takwas na farko ake gama shi.

"Kwana ashirin da takwas daga me, 'yata?"

"Daga shigar cikin, Doña Eusebia. Kusufin ya zo bayan nan da wata biyu."

Ya kamata in ji daɗi, amma kaina ya kulle. A lokacin da take faɗa ai ko yarinyar ba ta san tana da ciki ba. A wurinmu mace ba ta zuwa gun ungozoma sai ciki ya yi wata uku. Tausa, wankan tururi, addu'a, duk daga nan nake farawa. To me nake tsarewa duk shekarun nan?

Likitar ta ce akwai ƙwayar da ke rage haɗarin sosai, in an fara sha tun kafin ciki. Ta faɗi sunanta. Na san ta, ɗakin shan magani na ba ni ina rabawa. Amma wa zai miƙa wa budurwa ƙwayar masu ciki ana saura wata guda bikinta? Ai ƙazafi ne. Sai ciki ya fito nake bayarwa, haka kowace ungozoma take yi.

A waje Candelaria ta riƙo hannuna, fuskarta ta ɗan saki.

"Kaka, ke nan ba laifina ba ne?"

"Ba naki ba ne."

"To na waye?"

Na buɗe baki in ce na Allah ne, maganar ta ƙi fita.